Ra'ayinmu: A Fara Ceton Rai, Kati Ya Biyo Baya

Wanda ke riƙe da wannan takarda ya ɗaga murya, na bakin zaure su ji, iyayenmu mata da ke bayan zana su ma su ji, don maganar yau ta fi shafarsu.

Maganar asibiti za mu yi, amma ba asibitin duka ba. Ɗaki guda za mu shiga, wanda ke kusa da ƙofa, ɗakin gaggawa, wanda 'yan birni ke ce wa imajansi. Nan a ke kai wanda mota ta kaɗe, da mai haihuwar da jini ya ɓalle mata, da yaron da zazzaɓi ya sa jijjiga, da manomin da maciji ya sara yana tsakar noma. Kowa a cikinmu, in bai kwana a bakin ɗakin nan ba, ya san wanda ya kwana.

Kafin in kama aikin jam'iyya ni malamin makaranta ne, aji 5 na ke koyarwa. Wata damina muna cikin darasin lissafi sai wata yarinya 'yar ajina ta faɗi tana jijjiga, jikinta kamar garwashi. Ubanta yana gona mai nisa. Muka hau babur mu uku, ɗan acaɓa a gaba, ita a tsakiya, ni a baya ina tallafe da kanta. Ɗakin shan maganin garin a kulle. Muka miƙa babban asibiti, rafi ya kawo, sai da muka yi zagaye. Da muka isa na tarar da layin yankan kati har waje. Na nufi gaba da yarinya a kafaɗa, mai kati ya ce, "Malam, a bi layi, kowa a nan mara lafiya ne." Da ƙyar wani dattijo ya ba ni wurinsa. Da muka shiga, nas ɗaya ce tak a ɗakin, ta yayyago takarda ta rubuta mini safar hannu da sirinji da allura, ta ce in tsallaka titi in sayo a kemis. Kuɗin aljihuna ba su kai ba, sai da na bar agogona jingina. An yi wa yarinyar allura bayan la'asar. Ta rasu bayan isha. Washegari na buɗe rajista ina kiran suna, da na zo kan nata na tsallake, 'yan ajin duka suka sunkuyar da kai.

Ban faɗi sunan asibitin ba, ba kuwa zan faɗa ba. Ba wuri ɗaya ba ne. Nas ɗin nan ma ba na ganin laifinta, tun safe ita kaɗai ke kan ƙafa, kuma kwabar maganinta wayam.

Na san abin da wani zai ce: kwananta ne ya ƙare. Haka ne, ajali gaskiya ne, ba mai ja da shi. Amma malamanmu sun karantar da mu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Kuma ku lura, manyan da ke ce mana mu yi haƙuri ajali ne, in ɗansu ya yi atishawa jirgi su ke hawa zuwa Masar ko Indiya ko Ingila. Ashe su ma sun yarda da neman magani, mu ne dai ba su nema wa ba.

To, akwai likitoci da suka zauna suka yi ƙidaya a kan abin da ke kashe mutane a bakin ƙofar asibiti da abin da ke ceto su. Ba zato ba, ba jita-jita ba, ƙidaya irin ta mai awo a kasuwa. Abin da suka gano shi mu ke so ku riƙe kafin ranar ƙuri'a.

Tun 1994 wasu masu bincike biyu a Amurka suka bi labarin matan da ke mutuwa wajen haihuwa a ƙasashe irin namu, suka ce jinkiri uku ne ke cin rai. Na farko a gida, ana shawara, ana jiran mai gida ya dawo ya ba da izini, ana jiƙa saiwa. Na biyu a hanya, babu mota, babu kuɗin mai, gada ta karye. Na uku kuwa a cikin asibitin kansa, an iso amma ba a taɓa mutum ba. Na farko namu ne, za mu dawo kansa. Na biyu da na uku kuwa aikin gwamnati ne, kuma su ne ƙuri'a ke iya gyarawa.

Mu ɗauki na ukun. A ƙasar Malawi, a babban asibitin birnin Bilantaya, da can cikin kowane yara 100 da aka kwantar, 10 zuwa 18 ba sa fita da rai. A 2001 suka sake tsari. Suka ware ɗakin gaggawa na yara, suka sa ma'aikaci a bakin ƙofa wanda aikinsa kawai ya dubi kowane yaro da isowarsa: yana numfashi da kyau? Yana cikin hankalinsa? Yana jijjiga? Tafin hannunsa ya yi sanyi? Wanda ke bakin mutuwa a wuce da shi nan take, ba kati ba layi. Mai dama-dama ya biyo baya. Mai ƙaiƙayi da mai mura su jira. Suka horar da ma'aikata, suka ajiye magani kusa da hannu. Mace-macen suka sauko zuwa 6 ko 8 cikin 100. Malawi ba ta da man fetur, jama'a, ba ta kai mu arziki ba ko kusa. Abin da suka yi shi ne abin da kowane makiyayi ya sani: in garke ya dawo, saniyar da ke ɗingishi a ke fara dubawa, ba wadda ta riga shigowa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da wannan tsari darasi a rubuce tun 2005. Da akwai mai tantancewa irin wannan a bakin ƙofa ran nan, da ba a ce mini in bi layi ba.

Allurar da na sayo ma akwai labari a kanta. Shekara da shekaru kwinin a ke yi wa yaron da zazzaɓin sauro ya yi wa tsanani. A 2010 aka fito da sakamakon gwaji kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka 9, har da Ilori a nan Nijeriya. Rabi aka yi musu kwinin, rabi wata allura mai suna atesunet. Cikin 'yan kwinin kusan 11 cikin 100 suka mutu, cikin 'yan atesunet 8 da rabi. Wani zai ce ai ratar kaɗan ce. Ka lissafa da yawan yaran da zazzaɓi ke kayarwa kowace damina daga Sakkwato zuwa Maiduguri, ka ga ko kaɗan ce. Har akwai irin maganin da a ke sa wa ƙaramin yaro ta dubura tun a ƙauye, ya riƙe shi kafin a isa asibiti. Wanne ɗakin shan magani a gundumarku ke da shi? Ku tambaya.

Bari in ɗan ratse. Mu mutanen karkara muna da son ƙarin ruwa. In an kai mutum asibiti ba a rataya masa leda ba, sai mu ce ba a yi masa komai ba, har mu yi fushi da likita. Likitoci ma da haka suka ɗauka game da yaron da zazzaɓi ya galabaitar, wai a ɗura masa ruwa da sauri ta jijiya. A 2011 aka fito da sakamakon gwajin da aka yi a Yuganda da Kenya da Tanzaniya kan yara sama da 3,000, sai ga shi waɗanda aka ɗura wa ruwan da gaggawa sun fi mutuwa. Su kansu masu binciken abin ya ba su mamaki. Ba maganar mai gudawa da amai a ke yi ba, shi ruwa ne ceton ransa. Amma kun ga amfanin ƙidaya: tana gyara wa likita kuskurensa, tana gyara mana namu. Don haka in likita ya ce ba ruwa yaronka ke bukata ba, kada ka ɗauke shi ka kai wa mai kemis ya rataya masa.

Yanzu ga maganar iyayenmu mata. Mai karatu, ka sassauta nan, ka karanta a hankali.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 mata wajen 75,000 suka mutu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Ni malamin lissafi ne, na raba da kwanakin shekara: sama da mata 200 kowace rana. Bas mai cin mutum 18, guda 11, cike da mata, kullum ta Allah. Da a hanyar Kano zuwa Zariya su ke faɗuwa da rediyo bai yi wata magana ba sai ita. Amma da ya ke ɗaya-ɗaya su ke tafiya, a ɗaki, cikin dare, sai a yi ta'aziyya a watse.

Babban abin da ke kashe su zubar jini ne bayan haihuwa. Akwai wata allura mai araha, tiranekzamik, da ke taimaka wa jini ya daskare. An gwada ta kan mata sama da 20,000 a ƙasashe 21, matan Nijeriya na cikin waɗanda suka fi yawa a gwajin, aka fito da sakamako a 2017. In an yi ta cikin awa 3 da haihuwa, mutuwa ta zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku. In awa 3 ta wuce, amfaninta ya tafi. Awa 3, jama'a. Daga azahar zuwa la'asar sakaliya. Ku auna da nisan garinku da babban asibiti, ku haɗa da neman mota, da layin kati, da tsallaka titi zuwa kemis, ku faɗa mini ko za a samu.

Sai kuma aikin da 'yarmu ta nan gida ke cikin jagororinsa, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero da ke Kano. Matsalar da suka duba ita ce, da ido ungozoma ke kintatar jinin da mace ta zubar, ido kuwa yana ruɗi, zane ya sha, katifa ta sha, kafin a farga mace ta yi fari. Sai suka kawo wata leda mai aljihu da zanen ma'auni a jiki, a shimfiɗa ta ƙarƙashin mai jego, jinin ya taru a ga iyakarsa. Da ya kai rabin lita ba sauran jira: a murza mara, a ba da maganin da ke matse mahaifa, a yi allurar tsai da jini, a sa ruwa, a duba ko akwai yagewa, duka a lokaci guda, ba a gwada wannan a zauna a ga ko zai yi ba. An gwada a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, haihuwa sama da 200,000, sakamako ya fito a 2023. Inda ido a ke dogara da shi, rabin masu zubar jini kawai a ke ganowa. Inda ke da ledar, sama da 90 cikin 100. Mummunar zubar jini da tiyata da mutuwa ta dalilinta, in an haɗa su, suka ragu da kashi 60 cikin 100. Leda ce fa. Ba injin da za a yo oda da jirgin ruwa ba. Ilimin a Kano ya ke, 'ya'yanmu suka yi aikin, amma matar ƙauyenku ba ta taɓa ganin ledar ba. Wa ya tare ta a hanya?

Manoma kuma ga taku. Kububuwa, wadda kakanninmu suka yi wa laƙabi da gobe-da-nisa, dafinta hana jini daskarewa ya ke yi, mutum ya yi ta zubar jini ta dasashi da ta ciki. Tun shekarun 1970 likitoci a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke bin sawunta. Gwajinta ba wuya: a ɗibi jini a zuba a kwalba mai tsabta, a bar shi minti 20, in bai daskare ba dafi ya shiga. Ba tare da magani ba, 10 zuwa 20 cikin 100 ke mutuwa. Da maganin dafi na ƙwarai, sai ɗaiɗai. A Kaltungo ta Jihar Gombe aka gwada irin maganin da aka haɗa musamman don macizanmu, kan mutum 400, aka bayyana sakamako a 2010. Maganin yana nan. Abin da babu shi ne a same shi a firjin asibitin da ke kusa da kai a watan da a ke shiga gona. Kafin nan dai, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau da igiya. A hana ƙafar motsi, a nemi abin hawa.

To, ina doka? Akwai ta, nan ne ma abin haushin. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta ce ba asibiti ko ma'aikacin lafiya da zai ƙi ba mutum taimakon gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya ƙi, tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. A 2017 aka ƙara wata dokar, cewa wanda aka harba da bindiga a karɓe shi a yi masa magani ba sai an kawo takardar 'yan sanda ba, ba sai an ajiye kuɗi ba. Mu da 'yan bindiga suka addabi garuruwanmu mun san nauyin wannan. Dokar 2014 ɗin ta kuma ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya don asusun lafiya, ta ce kashi 5 cikin 100 na asusun na ayyukan gaggawa ne. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Tun kafin nan ma, a 2001, a nan Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu. Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Wasu jihohi sun rubuta a takarda, sai dai rubutawa daban, sakin kuɗin daban.

Kun ga inda gizo ke saƙa. Doka ta ce wa nas kada ki ƙi mutum, amma ba a ba ta safar hannu ba. In ta ce ka je ka sayo, kai da ita za ku yi ta cacar baki, wanda ya rufe bakin jakar kuwa yana can cikin sanyin ofis. Babban asibitin gari na gwamnatin jiha ne, gwamna ke kawo kasafinsa, 'yan majalisar jiha ke amincewa. Manyan asibitocin koyarwa da dama na Tarayya ne. Kowace takardar ƙuri'a da za a miƙa maka tana da nata alhakin a wannan ɗaki.

Mu abin da muka ɗaukar wa kanmu ba dogon gini ba ne. Gini ba ya wuya, an sha yi mana, a shafa fenti, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, bayan shekara jemagu su tare. Mu cewa muka yi a kowane babban asibiti a sa mai tantance marasa lafiya a bakin ƙofa dare da rana, kuma a cika kwabar ɗakin gaggawa da kuɗin gwamnati, har wanda aka kawo rai a hannun Allah a yi masa aikin ranar farko kafin a tambaye shi ko sisi. Kati ya biyo baya. Ledar awon jini da allurar tsai da jini su sauko har ɗakin haihuwa na gunduma. A sa firjin jini mai aiki da hasken rana, don mun gaji da jin janareto ba mai. Ma'aikacin da ya yarda ya zauna a karkara a ba shi gida da ƙarin albashi a kan kari, in ba haka ba birni zai gudu, daga birni ya haye Saudiyya, kuma ba za mu ga laifinsa ba. Maganar hanya ma ba sai mun jira motar asibiti mai jiniya ba. A jihohin Arewa da dama an riga an gwada haɗa kai da ƙungiyar direbobi, direba ya ɗauki mai naƙuda ko da tsakar dare, ladansa in ya koma tasha a ba shi lodi ba tare da bin layi ba. Wannan za mu faɗaɗa, da kuɗin mai a hannun amintaccen gari. Sa'an nan kowane wata 3 a liƙa a ƙofar asibiti mutum nawa aka kawo ɗakin gaggawa, nawa suka fita da ƙafarsu. Mai awo na gaskiya ba ya ɓoye mudunsa. In mun hau muka ƙi liƙawa, ku ajiye wannan takarda, ku fito mana da ita.

Na ce zan dawo kan jinkirin farko. 'Yan'uwana magidanta, wannan ba gwamna a ciki. In matarka tana da ciki, ka ba da izini tun yau a gaban mahaifiyarka da maƙwabcinka, cewa ko ba ka nan in abu ya taso a wuce da ita. Ka san direban da za a buga wa ƙofa. Ka ware 'yan kuɗi tun wata na 7, ba a fafe gora ranar tafiya. In an ce ana bukatar jini, ka miƙa hannunka, leda ɗaya ba ta rage wa lafiyayyen namiji komai, jiki yana mayarwa. Na ga ƙato mai ɗaukar buhun gero shi kaɗai ya sulale ta bayan asibiti don an ce a ɗebi jininsa, matarsa tana kwance.

Kwanan nan za su fara zuwa da jerin motoci, da taliya da sabulu da turmin atamfa. Ba mu ce ku yi faɗa da kowa ba. Ku shimfiɗa tabarma, ku ba baƙo ruwa. In ya gama jawabi, dattijo ɗaya ya miƙe ya tambaye shi: ranka ya daɗe, in jikata ta haihu yau da dare jini ya ɓalle, awa nawa kafin a yi mata allura, kuma wa zai biya? In ya fara labarin flayoba a birni, a sake maimaita masa tambayar. Ɗan takararmu ma in ya zo a yi masa ita, kada a raga masa don ya zo da tutarmu.

Wanda ya iya rubutu a cikinku ya kwafi wannan a 'yar takarda: Dokar Lafiya ta Ƙasa, 2014, sashe na 20. A yi guda uku, ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya wurin ungozoma, ɗaya a aljihun direban gari.